Karin waƙa da kunne ake kama shi

Jiya da daddare ƙanwata ta shigo da takardar asainmen ɗinta, wai an ce su feɗe wata rubutacciyar waƙa su fitar da kari da amsa-amo, ta zauna tana ƙirga baƙaƙe da biro kamar mai lissafin kuɗin adashi. Na ce mata ajiye biron nan, rera min baitin farko tukuna.

Na ce mata matsalar ita ce rubutun boko baya nuna tsawon wasali. Ki duba gari da muke zaune a ciki da gari na tuwo, a takarda duk ɗaya ne, amma a baki na farko "ga" ɗinsa gajere ne, na biyun kuma sai an ja shi. To karin waƙa gaba ɗaya a kan wannan yake tafiya, gaɓa mai nauyi da marar nauyi, in baki furta ba ta yaya za ki gane? Na sa ta faɗi kalmar "mutane" a hankali, "mu" mara nauyi, "ta" da "ne" masu nauyi, na ce to kin ga fa'uulun kenan, wato ƙafa ko ma'aunin karin da ake kira Mutaƙarab. Kalmar "makaranta" kuma biyu marasa nauyi biyu masu nauyi, fa'ilaatun. Wallahi sai ga ta tana buga yatsa a kan tire tana bin ɗangon, wato layin waƙar, da kanta.

Wannan ilimin auna karin waƙa, wato aruli, Khalil bin Ahmad na Basra ne ya tsara shi, karuruwa 15, daga baya aka ƙara Mutadarak suka zama 16, malamanmu suka ɗauko shi tun zamanin ajami. Amma fa ni abin da kullum nake tunawa shi ne marigayi Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, baya ganin takarda, kuma har yau in ana rera waƙarsa Imfiraji baka jin inda ƙafa ta yi tuntuɓe.

Amsa-amo bai bata wahala ba. Waƙar ƙwar biyar ce, ɗango huɗu na farko suna ƙarewa da sauti ɗaya da ke canzawa a kowane baiti, shi ne ƙarami, na biyar kuma yana riƙe da babban amsa-amo tun daga farko har ƙarshe. Ni dai ina jin haushin mawaƙin da zai liƙa "wa" a ƙarshen kalmar da bata buƙata don kawai amsa-amo ya fita, kunne yana kamawa nan take.

A kan maimaici ne muka yi gardama, ita a ganinta mawaƙin kalmomi ne suka ƙare masa shi ya sa yake ta dawo da ɗango ɗaya. Na ce ta sake karanta shi a baiti na biyu da kuma wajen ƙarshe bayan an ambaci mutuwa, kalmomin basu canza ba amma nauyinsu ya canza. Ta yi shiru, ta sake rerawa sau biyu, sannan ta ɗauki biron.