Sana'ar liƙa guntayen takarda a Samaru

Shagona yana Samaru, ba nisa da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello. Littattafan ajiye tarihi muke haɗawa, waɗanda kowane shafinsu guntayen takarda ne da ƙyalle aka liƙa suka ba da fasali. Ni da yara biyu ne a wurin. Yawancin masu saye ɗaliban sashen zane-zane ne, sai amare masu son katin bikinsu da hotuna su zauna wuri guda.

Kayan aiki ba sa cin kuɗi sosai. Zariya garin ɗab'i ce tun kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, kuma har yau in ka zaga wurin masu buga kati a Sabon Gari za ka tarar da rarar takardar da injin yanka ya zubar. Teloli na tara mana ƙyallen atamfa da shadda. Takardar buhun siminti kuwa, in an kakkaɓe ta an goge, babu kamarta wajen yin bango.

Tsintar ba ta da wuya, tantancewa ce aikin. Duk tsohuwar jarida ko kalanda sai an karanta ta kafin almakashi ya taɓa ta, domin wadda ke ɗauke da aya ko sunan Allah gefe muke ajiye ta, ba a yanka. Sabon yaro kan ce, "Maigida, ai ɗan layi ɗaya ne." Sai in ce masa ko harafi ɗaya ne, ajiye.

Sai batun gam. Sitacin rogo ya fi arha, amma da damina yana fumfuna, ga kyankyasai na sonsa. Ƙaro yana da kyau ga takarda mara kauri. Ƙyalle da kwali sai farin gam irin na kafintoci, a ɗan sirka da ruwa. Daga tsakiya ake shafawa zuwa baki, in ba haka ba iska ta maƙale shafin ya yi ƙuraje. Da hunturu kuma kafin ka waiga ya bushe ya kanannaɗe, shi ya sa muke danne shi da katako da bulo ya kwana. Ni dai na fi son yaga takarda da hannu, bakinta ya fi shiga ido.

Amarya in ta kawo hoton mahaifiyarta na da, ba ma liƙa na ainihin, don gam na ɓata shi. Kwafi muke yi mu liƙa, na ainihin kuma mu ɗinka masa ɗan aljihu a bangon baya.