Kwana 28 da kuɗin riɗin Alhaji

Shekara huɗu na yi a wani ofis a Kano ina cike wa ɗalibai takardun neman biza. Da farko na ɗauka samun gurbin karatu shi ne jan aiki. Ashe jami'a ba ta cika wahalar da wanda zai biya kuɗin makaranta ba. A takardar banki ake faɗuwa.

Wani Alhaji mai harkar hatsi a Dawanau ne ya koya mini wannan karatu. Ɗansa ya samu gurbin digiri na biyu a Ingila, jami'a ta turo lambar CAS, wato shaidar cewa ta karɓe shi wadda ake neman biza da ita, an yi gwajin tarin fuka, saura miƙa takardu. Dokar Birtaniya ita ce ragowar kuɗin makarantar shekarar farko da kuɗin zaman wata tara su kwana 28 a jere cikin asusu, kada su gaza ko na yini guda. Na yi wa yaron bayani dalla-dalla, amma uban, mai asusun, ban ce masa uffan ba. Ana cikin mako na uku riɗi ya shigo kasuwa da araha. Alhaji ya zari wani abu ya saya, bayan kwana uku ya mayar har da ƙari. Ni kuma da takardar banki ta zo, shafin ƙarshe kawai na leƙa, na ga kuɗi sun cika sun batse, na tura. Aka hana yaron biza.

"Malam, ai kuɗin suna nan, har sun fi na da," in ji shi.

Na ce, "Alhaji, ba yawansu kaɗai ake dubawa ba, har da kwanansu."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce kuɗin da ke kwance ai ba kuɗi ba ne. A kasuwa gaskiyarsa ce. Ɗan kasuwarmu dukiyarsa tana cikin buhuna da bashin da yake bin mutane, jami'in biza kuwa bai san buhu ba. An mayar musu da kuɗin inshorar lafiya, fam 776 na kowace shekara, amma kuɗin bizar ya bi ruwa, lambar CAS ɗin ma ta mutu, sai an nemi sabuwa.

Akwai wani tarkon da ya fi kama mu Hausawa. A gidajenmu sau da yawa kawu ne ko babban wa ke ɗaukar nauyin karatu, kuma babu mai ganin baƙon abu a nan. Birtaniya ba ta karɓar asusun kawu. Na ɗalibin take so, ko na iyayensa, ko na wanda doka ta ba riƙonsa. Sai kawun ya zuba kuɗin a asusun yaro tun da wuri a fara ƙirga kwana. Ga kuma canji: da farashin ranar miƙa takarda ake lissafi, don haka bayan faɗuwar naira a 2023 na daina yarda da kuɗin da suka zo cif-cif.

Daga baya na sauya tambayar da nake fara yi wa mai zuwa. Ba na cewa wace jami'a kake so, sai in ce kana da iyali? Tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na zaman aji ba ya tafiya Birtaniya da mata da yara, sai mai karatun bincike irin na digirin digirgir, ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Na ga magidanta sun biya kafin alƙalami kafin su ji wannan, abin ba daɗin gani.

Jamus, a ganina, ta fi dacewa da halin 'yan kasuwarmu. Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, kuma kuɗin zama ana kulle su ne a wani asusu na musamman: a 2025 yuro 11,904 ne, ana sakar wa ɗalibi 992 duk wata. Ko riɗi ya zama kyauta ba mai iya taɓa su. Amurka kuwa, a lokacin da nake wannan aiki, da baki ake yi. Ga takardar I-20, wato shaidar samun gurbi daga jami'a, a hannu, amma cikin 'yan mintuna a gaban gilashi sai ka gamsar da jami'i cewa za ka dawo gida, in ba haka ba ya miƙo maka takardar hana biza ta sashe na 214(b) na dokar shige da ficensu.

Ɗan Alhaji dai ya tafi a zangon Janairu. A karo na biyu da kaina na je rumfar, na zauna kan buhu, na zana masa kwanakin a bayan wani rasit. Ya buɗe sabon asusu, ya ba Hajiya katin ta ɓoye, ya ce ko ya roƙa kada ta ba shi.