Asabar: kokawar mata da gardamata da Yaya

Yau ban leƙa ko ƙofar gida ba, domin tun da hantsi Yaya ya zo da 'ya'yansa, kuma da yake an kawo wuta, yaran suka nace sai an kunna musu kokawar Turawa, wadda suke kira resilin. Abin da muka tarar shi ne maimaicin WrestleMania na 35, babban taron shekara na kamfanin WWE, wanda aka yi a watan Afrilun 2019 a jihar New Jersey ta Amurka. Karawar da aka rufe taron da ita ta mata uku ce, Becky Lynch da Charlotte Flair da Ronda Rousey, kuma kafin wannan dare ba a taɓa ba mata wannan matsayi ba tun da aka fara taron a 1985.

Yaya ya taɓe baki ya ce, "Ke ma har kin zauna kallon wannan? Ai tun a ofis aka rubuta wadda za ta yi nasara." Na ce masa gaskiya ne, kuma nan ne ma abin lura yake. Tunda kamfani ne ke tsara wanda zai fito ƙarshe da yawan mintocin da za a ba shi, to ranar da ya ajiye mata a ƙarshen taron da ya fi kawo masa kuɗi, ya riga ya yi lissafi ya ga cewa saboda su jama'a ke sayen tikiti. Sakamakon a rubuce yake, amma faɗuwar da raunin na gaske ne, domin a watan Nuwamban 2018 wani naushi ya fasa wa Becky hanci har aka cire ta daga karawar da aka shirya mata da Rousey.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gajartar lokacin da al'amarin ya juya. A watan Fabrairun 2015 an ba mata huɗu karawar da ba ta wuce kimanin daƙiƙa 30 ba a Raw, shirin kamfanin na mako-mako, sai masu kallo suka fusata suka cika Twitter da ƙorafi. A watan Agustan shekarar Sasha Banks da Bayley suka yi wata karawa a Brooklyn ta birnin New York wadda har yau ake ba da labarinta. A 2016 aka jingine tsohon kambun mata mai siffar malam-buɗe-littafi aka kawo na sosai, sannan a Janairun 2018 mata 30 suka yi nasu Royal Rumble na farko, wato wasan da ake ta jefa juna waje har mutum ɗaya ya rage, wanda Asuka 'yar Japan ta lashe. Kamfanin yana yawan yabon kansa a kan wannan sauyi, ni kuwa ina ganin wanda ya kulle ƙofa shekara da shekaru bai cancanci tafi ba don ya buɗe ta bayan an matsa masa. A Japan ma tun shekarun 1980 'yan mata ke cika zaurukan wasa don kallon wasu 'yan kokawa mata biyu da ake kira Crush Gals.

Bayan azahar gardamar ta koma kan sutura, kuma a nan ban yi wa Yaya musu sosai ba, domin ni ma shigar wasunsu ba ta kwanta mini. Sai dai na tuna masa cewa a watan Oktoban 2019, a birnin Riyad, Natalya da Lacey Evans sun yi karawar mata ta farko ta WWE a Saudiyya da kayan da suka rufe musu jiki har wuyan hannu da idon sawu, kuma hakan bai rage komai daga gwanintarsu ba.

Muna cin abinci babbar 'yarsa ta tambaye ni, "Gwaggo, mu a Najeriya mata suna kokawa?" Na ba ta labarin Blessing Oborududu 'yar jihar Bayelsa, wadda ta ci lambar azurfa a ajin kilo 68 a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, lambar farko da ƙasar nan ta samu a kokawa a wannan gasa, kuma tata ba wanda ya rubuta mata sakamako. Yaya ya ce wannan kam ya yarda kokawa ce, amma ta talabijin har gobe wasan kwaikwayo zai ci gaba da kiranta.