Akwatin Gwaggo da Littattafan Makarantar Jinya

Ranar da aka raba mana takardar jerin littattafai, a makon farko na shigarmu makarantar koyon aikin jinya, ninke ta na yi na cusa a jaka. Sai da ta kwana tara kafin na nuna wa Baba. Na san abin da ya riga ya fita daga aljihunsa: kuɗin makaranta, kuɗin ɗakin kwana, yunifom, farin takalmi, agogon da ake maƙalawa a ƙirji, da na'urar awon jini. Tsohon malamin firamare ne mai zaman jiran fansho, ga ƙannena huɗu a bayana.

Wajen ƙarshen 2023 ne, shekarar da aka cire tallafin mai a watan Mayu, aka kuma saki naira a watan Yuni. Dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati, a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin manyan littattafan da ake karantar da mu da su ba a nan ake buga su ba. Ross and Wilson na sanin sassan jiki da aikinsu, Brunner and Suddarth na jinyar marasa lafiya da waɗanda aka yi wa tiyata, Myles na ungozoma, duk daga Ingila ko Amurka suke. Brunner kaɗai, sabo na asali, ya haura dala 100. Ko bayan da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, littafi ɗaya ya fi albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci.

Da Baba ya karanta takardar, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Wanne ne in babu shi ba za ki iya ba?" Na ce ban sani ba tukuna. Ya ce, "To ki je ki sani, sannan ki dawo." A lokacin na ɗauka hanyar kashe maganar ce. Daga baya na gane tambayar da ya kamata in fara yi wa kaina ke nan, don na ga 'yan ajinmu da iyayensu suka ci bashi suka sayi duk abin da ke cikin takardar, rabin littattafan har yau ledarsu kawai aka cire.

Asabar ɗin da ta biyo baya ni da Yaya muka shiga kasuwar Sabon Gari a Kano, layin masu littattafai. A nan na fara sanin cewa littafi ɗaya yana da farashi uku. Akwai na asali, wanda mai shago yake ɗaukowa daga can sama yana kaɗe masa ƙura. Akwai bugun Indiya, wanda kamfanin da ya mallaki littafin ne yake fitarwa don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, takardarsa ba ta kai ta wancan kauri ba amma rubutu da hotuna lafiya lau. Sai na uku, wanda ba a ajiye shi a gaba, sai ka nuna kuɗinka bai kai ba a jawo maka shi daga ƙarƙashin kanta. Jabu ne. Na buɗe shafin zuciya, jijiyoyin da ya kamata su fito ja da waɗanda ya kamata su fito shuɗi duk sun zama toka-toka. A wani shafin tawada ta cinye ɗigon da ke tsakanin lambobi. Yaya ya ce ai karatu ne, a haka ma za a gane. Na ce masa, "Yaya, a wannan aikin ɗigo ɗaya ne tsakanin 0.5 da 5, kuma jikin mutum za a zuba wa." Muka fito ba mu sayi komai ba.

Gwaggona, ƙanwar Baba, ta yi aikin jinya shekaru da yawa, ta gama makaranta tun farkon shekarun 2000. Da labari ya kai mata, ta aiko a ce in zo. Ta jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, tana buɗewa warin kafur ya cika ɗakin. Ross and Wilson ne a sama, bangonsa an ɗaure da salatif, sai ƙaramin ƙamus na ma'aikatan jinya, sai wani littafin magunguna da gara ta ɗan taɓa gefensa, da littafin taimakon gaggawa. Ta ce, "Ɗauki duka, 'yata. Da su na zama abin da na zama." Na rungume su har gida kamar an ba ni gado.

Watanni shidan farko, waɗanda muke kira PTS, su ne matatar makarantar jinya. Wanda ya faɗi jarrabawar ƙarshensu gida zai koma. Da Ross and Wilson ɗin Gwaggo na haye. Ƙasusuwa 206 ɗin da ke jikin babban mutum ba su ƙaru ba tun da ta yi karatu, ɗakunan zuciya huɗu ne har gobe, jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa tagwaye goma sha biyu ne. Har wani abu na samu wanda sabon littafi ba shi da shi: rubutun Gwaggo da jan biro a gefen shafi, inda ta fassara wa kanta abu da Hausa, ko ta ja layi ta rubuta "wannan yana fitowa". Sau da yawa kuwa ya fito.

Wannan nasarar ce ta sa na saki jiki da akwatin gaba ɗaya, kuma a nan na yi kuskure. A darasin gwaji na farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, malama ta kira ni gaban ɗan tsanan roba. Na yi yadda na haddace daga littafin Gwaggo: buɗe hanyar iska, hura numfashi, sannan danna ƙirji. Ta tsayar da ni. Ta ce tun 2010 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta sauya tsarin, yanzu da danna ƙirji ake farawa, sau talatin, sannan numfashi biyu, saboda kowane daƙiƙa da jini bai kai ƙwaƙwalwa ba asara ce. Ta tambaye ni inda na karanta, na faɗa mata. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi in kawo mata littattafan gobe.

Na kai mata su ofis. Ta ware Ross and Wilson da ƙamus gefe guda ta ce in ci gaba da su. Ta buɗe littafin magunguna wajen zazzabin cizon sauro, ta nuna mini kulorokwin a matsayin maganin farko. Najeriya ta bar wannan tun 2005 ta koma haɗin magungunan da ake kira ACT, kuma zazzabi mai tsanani yanzu allurar atesunet ake fara bayarwa, ba kwinin ba. Ta ƙara mini da misalin awon ciki: littattafan da suka kwana biyu suna cewa zuwa huɗu, alhali tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi takwas. Ta ce, "Jikin ɗan Adam ba ya tsufa a littafi. Magani da ƙa'idar aiki su ne suke tsufa. Wannan ki mayar wa gwaggonki ta ajiye don tarihi." Na fito jikina a sanyaye, ina tunanin da a ce ba a gaban ɗan tsana na yi wannan kuskuren ba.

Daga ranar na raba littattafai gida biyu a kaina. Wanda iliminsa ba ya motsi, tsoho ya ishe ni, ko na aro ko na hannu. Wanda iliminsa yake sauyawa, dole in nemi na yanzu, kuma abin mamaki shi ne yawancin na yanzun kyauta ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana sa ƙa'idojinta a intanet ba ko kwabo, har da ƙaramin littafinta na kula da yara a asibiti, wanda ya yi mini rana sosai lokacin da aka tura mu ɗakin yara. Jami'ar Rice da ke Amurka tana da wani shiri mai suna OpenStax, littafinsu na sassan jiki cikakke ne, da hotuna masu launi, kuma su da kansu suka ce a sauke. Da shi nake duba duk hoton da ya dushe a na Gwaggo.

Ba zan ce ban taɓa buɗe littattafan da ake turowa a zaurukan WhatsApp da Telegram ba. Kowa a ajinmu yana da su. Amma raina bai taɓa kwanciya da su ba, don haƙƙin wasu ne, kuma sau da yawa ba ka san bugu na nawa ba ne, wani ma an yanke shafukan farko. Ga karatu a waya yana da nasa wahalar. Shafin da aka tsara don babban littafi sai ka yi ta ja da yatsa, ido ya yi ta ruwa, wuta ta ɗauke caji ya ƙare, kuma a ɗakin marasa lafiya ba mai barin ɗaliba ta tsaya tana latsa waya. Da aka ƙara kuɗin data a farkon 2025, sai na koma sauke abin da nake bukata da tsakar dare, lokacin garaɓasa.

Brunner ne ya rage, kuma shi ba shi da madadi a shekara ta biyu. Ɗakin karatu na makaranta yana da kwafi kaɗan, ba a fita da su, kuma kafin ka gama darasi ka iso wasu sun riga ka. Mu shida ne a ɗakinmu. Wata 'yar Gumel a cikinmu ta kawo shawarar adashi: kowa ta zuba abin da aka yanka duk wata, amma maimakon kwasa ta zagaya, littafi za a saya na kowa da kowa. Wata huɗu muka yi muna zubi, wasu daga kuɗin abinci, ni daga ɗinkin hijabai da nake karɓa in na je gida hutu. Muka sayi bugun Indiya, juzu'i biyu.

Sati biyu kacal muka yi cikin daɗi. Mutum shida, littafi biyu, jarrabawa ɗaya a rana ɗaya. Har an fara 'yar tsama, wata ta kwana da juzu'i a ƙarƙashin filo, wata ta daina yi wa wata magana. Shawarar da ta raba gardamar ta yi mini ciwo da farko: a kai wa mai ɗinkin littattafai ya farke su, ya ɗinke kowane sashe daban. Ina tsaye ya sa wuƙa a bayan littafin da muka yi wata huɗu muna tara kuɗinsa, sai da na kau da kai. Amma ya fito mana da ƙananan littattafai goma sha ɗaya, na zuciya daban, na numfashi daban, na ƙoda, na ciwon suga, kowanne da bangon kwali. Muka manna takarda a bayan ƙofa, wadda ta ɗauka ta rubuta sunanta da rana. Wani amfanin da ba mu yi tsammani ba, sashe ɗaya yana shiga aljihun yunifom. In an tura ni ɗakin masu ciwon ƙoda, na ƙoda nake tafiya da shi, in karanta da daddare bayan an gama raba magani, ga mai ciwon a gabana. Abin da na karanta a haka bai taɓa zube mini ba.

Abu ɗaya ne na saya sabo da kuɗin Baba ba tare da na yi jayayya ba, wato littafin ƙa'idojin aiki na makarantarmu, mai bayanin yadda ake gyaran gado, wankin ciwo, sa robar fitsari da sauransu mataki-mataki. Da shi ake auna mu a jarrabawar gwaji, kuma kullum yana hannu, ba ya aruwa. Da na je karɓar kuɗin na ce masa, "Baba, na sano. Wannan ne." Ya ƙirgo ya ba ni, ya ƙara da na mota.

Takardun da wasu malamai suke bugawa su sayar kuwa, nan ne har yau nake jin ɗaci. Akwai waɗanda suka tsara nasu da kyau, sun taƙaita abin da Hukumar Jinya da Ungozoma ta ƙasa take tambaya a jarrabawar ƙarshe, kuɗinsu halal ne. Akwai kuma wanda ya kwafo shafukan littafi ya sa sunansa, yana rubuta sunayen waɗanda suka saya. Na ga ƙawata ta kwana biyu tana shan gari don ta sayi irin wannan. Bai kamata a yi wa ɗaliba haka ba.

Da muka shiga shekarar ƙarshe, sababbin ɗalibai suka zo da tasu takardar a ninke. Wata yarinya daga ƙauyen su Innata ta same ni a ɗaki, ta ce, "Anti, wai duk sai an saya?" Na karɓi takardar na ɗauki biro, na yi wa uku alama, na soke biyu, sauran na rubuta mata inda za ta same su. Sannan na jawo Ross and Wilson ɗin Gwaggo, wanda yanzu rubutun gefensa kala biyu ne, ja nata, shuɗi nawa. A shafin farko na rubuta mata shekarar da aka buga shi da manyan lambobi, a ƙasa na sa: sassan jiki kawai, kada ki ɗauki magani ko awonsa daga nan. Na ce ta dawo mini da shi bayan PTS, don Gwaggo ta ce akwai jikarta da take son shiga baɗi.