Godiya ga duk wanda ya sa hannu a kalankuwar bana

Assalamu alaikum warahmatullah.

Jama'ar garinmu na gida da na waje, taro ya watse lafiya. Baƙi sun koma, an kwance rumfuna, filin firamare ya koma hannun 'yan makaranta. A madadin kwamitin da aka ɗora wa shirya kalankuwar bana nake rubuta wannan saƙo, tunda yaba kyauta tukwici ne. Godiya ta farko ga Allah da ya ba mu damina, ya nuna mana kaka, ya sa muka taru tun yammacin Juma'a har daren Lahadi ba a zubar da jinin kowa ba, in ban da na leɓen 'yan dambe.

'Yan'uwanmu da ke Legas da Fatakwal da Abuja sun yi ta tambaya a WhatsApp, me ya hana a bari sai hutun ƙarshen shekara kowa ya samu zuwa? Ku yi haƙuri, kalankuwa ta manoma ce, kuma manomi ba ya duba kalandar ofis. Gero ya shiga rumbu, an kaɗe riɗi, ana roron wake, dawa ce kaɗai ta rage a tsaye tana jiran ta bushe. A wannan ɗan tsakanin ne aljihun manomi ke da nauyi, samari kuma ba su riga sun saɓa jaka sun tafi ci-rani ba. Da mun jira Disamba, sai dai a yi wa tsofaffi da ƙananan yara kiɗa. Duk da haka da yawanku kun turo gudummawa, wasu sun yi kwanan mota sun zo sun koma. Mun gani, mun gode.

Abin da na fi so a sani shi ne, ba mu taka ƙofar ɗan siyasa ko ɗaya ba. Taron nan da damin gero aka yi shi. Sarkin Noma ya zagaya gida-gida, mai dami ya ba da dami, mai tiyar wake ya ba da tiya, wani tsoho ya ce ba shi da ko ɗaya amma a zo a sare busasshen reshen darbejiyar ƙofar gidansa a yi girki. An sayar da wani kaso na hatsin aka biya hayar rumfuna da kujeru da lasifika, sauran aka ci. Shi ya sa babu hoton kowa a jikin rumfa, babu kuma wanda ya karɓe abin magana ya yi mana awa guda yana lissafa alkawura. Sarkin Noma, Allah ya ƙara girma, ya sa albarka a gonarka da ta 'ya'yanka.

Malam Liman, Allah ya gafarta Malam, mun gode da ba ka ɓoye mana damuwarka ba. Tun zaman farko ya ce ba zai sa albarka ba sai an cika masa sharuɗɗa: kowa ya fara fitar da zakkar gonarsa kafin ya kawo gudummawar wasa, wato dami ɗaya cikin goma ga wanda ruwan sama ya shayar wa gona, ɗaya cikin ashirin ga mai ban-ruwa, in amfanin ya kai nisabi, a tsayar da kowane kiɗa da zarar an kira salla, mata su samu nasu ɓangaren, kada a ga ƙwaya ko kwalba, a tashi kafin dare ya raba. Wasu samari sun yi gunaguni a lokacin. Ni kam a ganina sharuɗɗan nan ne suka sa magidanta suka bar iyalansu suka fito, domin da yawa sun daina barin 'ya'yansu zuwa irin wannan taro tun da daɗewa, kuma suna da hujja. Mai girma Dagaci, ranka ya daɗe, kai ka kai maganar gaban Hakimi aka samu izini, ka kuma buɗe mana zaurenka muka mai da shi wurin ajiya. Allah ya ja zamaninka.

Yanzu ga waɗanda sanƙira bai kira sunansu ko sau ɗaya ba: iyayenmu mata. Tun ranar Laraba ake jin lugude daga kowane lungu. Surfe, bakace, wanki, jiƙo, daka, duk kafin a kai ga ɗora tukunya. Duk wanda ya sha furar nan ta sabon gero ya san ba ta inji ba ce. An yi tuwo da miyar kuka da ta kuɓewa, an yi dambu da zogale, an yi kunun gyaɗa ga tsofaffi, ƙosai kuwa har aka daina ƙirga kasko. Akwai gwaggonmu guda da ta kwana biyu a bakin murhu, hayaƙi ya sa idonta ya yi ja, aka ce ta je ta huta ta ce sai baƙin Nijar sun ci. Ba ta ga dambe ba, ba ta ga kokowa ba, ko waƙa ɗaya ba ta ji ba sai abin da iska ta kai mata. Gwaggo, da ke da sauran iyayenmu da yayyenmu, Allah ya saka da Aljanna. Mun ji daɗi da kuka samu yammacin Asabar ya zama naku a cikin gidan Dagaci, kuka kifa ƙwarya a ruwa kuka yi kiɗanku, 'yan mata suka yi gaɗa. Mu maza daga bayan katanga muka ji, kuma mun ji habaicin da aka yi wa mazan da ke sayar da hatsi tun kaka su bar gida da sayen tiya da bazara. Saƙo ya iso.

Sarkin Samari da jama'arsa sun dawo mana da wasan Gwamna kamar yadda iyayenmu suka ba mu labari, da Gwamna da Di'o da Alƙali da Likita da 'yan doka, kwaikwayon mulkin Turawa da samarin zamanin da ke yi. Alƙalin bana bai da sassauci. Ya ci tarar duk wanda ya shigo fili ba hula, har da wani malamin makaranta da ya tsaya kare kansa da Turanci aka ninka masa. Abin da aka tara za a sa shi a gyaran famfon tuƙa-tuƙa na bakin kasuwa.

Makaɗa, Allah ya bar ku. Safiyar Asabar gangar noma ce ta tashi gari, 'yan hoto, masu wasa da galma, suka riƙa cilla ta sama suna tarbe ta da ƙirji, yara da ba su taɓa gani ba suka saki baki. Da daddare samarinmu masu waƙar zamani suka hau da fiyanonsu, kuma gaskiya sun yi ƙoƙari, musamman wanda ya yi wa manoman riɗi waƙa. Ana tsakiyar haka janareta ya yi tari ya mutu. Kafin a gano matsalar, Sarkin Makaɗa ya saɓa kalangu ya shiga fili, mai gurmi ya bi bayansa, aka haska musu da fitilun waya. Da wuta ta dawo jama'a suka ce a bar su su ƙarasa. Ba na faɗin haka don in rage wa yaranmu daraja, sai don su lura: mutanen nan ba su da waya ko ɗaya da ke haɗe da soket, amma sun san kakan kowa da kirarin gidan kowa, shi ya sa liƙi ya fi zuba a kansu. Ku zauna da su tun suna nan. Mai injin niƙa da ya ba mu aron janareta, da mai cajin waya da ya kwance solarsa ya kawo, mun gode. Kowa ya san yadda man fetur ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, amma ba wanda ya karɓi ko kwabo a cikinku.

Dambe na hannun Sarkin Fawa, kamar yadda aka gada. Shi ya gayyato 'yan wasa daga ɓangaren Arewa da Kudu da Guramada, ya sauke su, ya ciyar da su, ya tsaya da kansa a kan kowane turmi. Turmi uku ne, in ba kisa a raba, kuma da hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa magana ta ƙare. An yi kisa masu kyau, ba a yi rigima ba.

Kokowa kuwa muka ajiye ta sai bayan la'asar ɗin Lahadi, don waɗanda suka tafi cin kasuwar Mai'aduwa su dawo. A nan ne za mu yi wa 'yan'uwanmu na Magarya da Matamai da ke Nijar godiya ta musamman. Tsakaninmu da su auratayya ce da maƙwabtakar gona, amma lokacin da aka rufe iyaka daga watan Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, ko gaisuwar mutuwa sai da dabara ake zuwa. Ganinsu cike da motoci da makaɗansu ya faranta wa dattawa rai fiye da wasan kansa. Sun kuma nuna mana cewa ƙasar da ke gasar kokowa ta ƙasa baki ɗaya tun 1975 ba a yi mata gaggawa a fili. Samarinmu sun sha ƙasa, ɗaya ne kawai ya fitar da mu kunya, shi ma da ƙyar. Mun karɓi gayyatarku, in Allah ya kai mu za mu zo, amma a ba mu lokaci mu ci tuwo.

Arɗo da jama'ar ruga, mun gode da nonon da kuka aiko, mun fi gode wa alkawarin da kuka riƙe na tsare shanu daga gonakin da ba a kwashe ba. Mu ma muna kan namu: da an gama girbin dawa za a sanar, a saki gonaki dabbobi su ci kara.

'Yan sintiri da mafarauta sun kwana a hanyoyin shigowa gari cikin sanyin da ya fara sauka, alhali kowa na can yana kallo. 'Yan agaji sun raba layin maza da mata, sun haɗa yaran da suka ɓace da iyayensu. Ma'aikacin asibitinmu ya zauna da akwatinsa a gefen fili har aka tashi. 'Yan acaɓa sun yi ta jigilar tsofaffi kyauta. Ba mu ɗauki zaman lafiyar nan da wasa ba, domin mun san akwai garuruwa a yammacin Katsina da Zamfara da manomi ke noma amma girbi ya gagare shi, balle a yi zancen kiɗa. An yi musu addu'a wajen buɗe taro da wajen rufewa. Allah ya kawo musu sauƙi, ya mayar da kowa gonarsa.

Maƙwabtan fili, musamman gidajen da ke da marasa lafiya da masu jego, kun haƙura da ƙara da ƙura ba ku kawo ƙara ba. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya raya jarirai. Yaran da suka fito da tsintsiya da asubar Litinin suka tsince ledoji kafin a buga ƙararrawa, Allah ya yi muku albarka.

Sanarwa kaɗan. Ma'aji zai karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci, a ƙofar gidan Dagaci, kuma za a ɗora hoton takardar a nan don na nesa. Akwai takalman yara da mayafai da makullin babur da aka tsinta, suna wurin Mai Unguwa. Wanda tabarmarsa ko tukunyarsa ba ta dawo ba ya yi wa Sarkin Samari magana. Sannan samari, kafin kowa ya kama hanyar kudu, akwai gayyar girbin dawa a gonakin marayu da na matan da mazansu suka rasu, ranar Asabar da hantsi. Sarkin Makaɗa ya ce zai zo da ganga, a fito da lauje da magirbi.

Allah ya sa mu ci abin da muka noma cikin lafiya, ya maimaita mana.

Wassalam,
Sakataren kwamiti, a madadin dukkan 'yan kwamiti.