Abin da na koya wajen kimanta tsofaffin kwabban Amurka

Duk wanda ya kawo wa mai tara tsofaffin kuɗi gwangwani cike da kwabbai, tambayarsa ɗaya ce: nawa za su yi? Yana so a ba shi amsa nan take, kuma ya riga ya ɗauka cewa duk abin da ya tsufa yana da tsada. Ni da na fi ba da ƙarfi ga kwabban Amurka masu hoton tsohon shugaban ƙasar, Abraham Lincoln, na gane cewa ana iya ba da amsa da sauri ba tare da an cuci kowa ba, matuƙar ido ya san abin da zai fara dubawa da abin da zai bari sai daga baya.

Shekara nake fara dubawa, da ɗan harafin da ke ƙarƙashinta. D na nufin an buga kwabon a Denver, S a San Francisco, in babu harafi kuwa yawanci na Philadelphia ne. Da wannan kaɗai ake sallamar mafi yawan abin da ke cikin gwangwanin. Kwabban da ke da zangarniyar alkama biyu a bayansu an buga su daga 1909 zuwa 1958, kuma a 1944 kaɗai Philadelphia ta buga fiye da biliyan ɗaya. Irin wannan kwabon, duk da shekarunsa, ba abin da ake nema ba ne. Amma na 1909 mai harafin S da haruffan VDB a baya, wato sunan wanda ya zana shi Victor David Brenner, guda 484,000 kawai aka buga. Na 1914 mai D bai kai miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ba, na 1931 mai S guda 866,000 ne. Akwai kuma na 1955 wanda rubutunsa da shekararsa suka fito ninki biyu saboda kuskure a hatimin bugu. Mutum ya haddace waɗannan 'yan shekarun, sauran aikin ya yi sauƙi.

Sai batun lalacewa, kuma a nan na fi daɗewa kafin idona ya nuna. Ma'aunin da ake amfani da shi daga 1 zuwa 70 yake, wanda William Sheldon ya fito da shi a 1949 domin manyan kwabban Amurka na farko, daga baya aka shimfiɗa shi a kan sauran kuɗi. Ba a buƙatar duba kwabon ko'ina da ko'ina. Wurare masu tudu su ne hannu da aljihu ke fara cinyewa: kuncin Lincoln, muƙamuƙinsa, da gashin da ke saman kunnensa. A baya kuma sai layukan da ke kan zangarniyar alkama. In layukan sun shafe sumul, kwabon yana wajen lamba 4. In sun fara rabuwa, ya kai 12. In suna nan tsaf, kunci kawai ya ɗan goge, ana maganar 40. Daga 60 zuwa sama kuwa kwabon bai taɓa yawo a hannun jama'a ba, kuma a nan launi ke shigowa: ja, ko ja mai ruwan ƙasa, ko ruwan ƙasa zalla. Jan shi ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kwabon da aka wanke. Mutum da kyakkyawar niyya zai goge shi don ya yi ƙyalli, bai san ya kankare fatar da shekaru suka yi masa ba. A ƙarƙashin fitila, in aka karkata shi, sai a ga ƙananan zane-zane a jere da wani launi mai haske wanda ba na asali ba. Masu saye suna gudunsa, kuma ba a iya mayar da abin da aka cire. Shi ya sa ko riƙe kwabo ba na yi sai ta gefensa.

Inda sauri ke da haɗari shi ne lokacin da shekarar ta yi kyau. Kwabon da ya fi faranta rai shi ya fi cancantar a yi masa zargi, domin masu jabu ba sa ɓata lokaci a kan na banza. Sukan kankare 4 na farko a 1944 mai D ya koma 1914. Ana gane shi da tazarar da ke tsakanin 9 da 1, da kuma ƙananan haruffan VDB a gindin kafaɗar Lincoln, waɗanda sai 1918 aka fara sa su a wurin. Haka na 1943: a shekarar an buga kwabbai da ƙarfe mai rufin tutiya saboda yaƙi ya ci tagulla, sai 'yan kaɗan da suka fito da tagulla bisa kuskure, kuma kuɗinsu ba na wasa ba ne. Maganaɗisu da ƙaramin sikeli sun isa gwajin farko. Na ƙarfen da aka yi wa fenti da tagulla zai manne, na gaske ba zai manne ba, kuma nauyinsa giram 3.11 ne.

Wajen sa farashi, kuɗin da aka biya a gwanjo kan kwabo mai shekara ɗaya da lamba ɗaya nake bi, domin abin da mai sayarwa ya nema buri ne kawai. In kwabon yana cikin waɗanda ake yawan yi wa jabu, nakan shawarci mai shi ya aika wa PCGS ko NGC, kamfanonin da ke tantance kwabbai, su tantance su rufe shi a roba kafin a fara ciniki. Kuɗin tantancewar yakan fi darajar kwabo na gama-gari, don haka 'yan kaɗan ɗin da suka tsallake duka gwajin nan ne kawai nake cewa a aika.