Ɗan Garwa a bakin tekun Yoff

Mu 'yan Garwa ta arewacin Kamaru ruwan da muka sani shi ne kogin Binuwai, a nan na koyi iyo a ɓoye don Inna ba ta yarda. Karatu ya kai ni Jami'ar Cheikh Anta Diop da ke Dakar, can wani abokina ɗan ƙabilar Lebu ya fara ɗora ni a kan katakon hawan igiyar ruwa. Da na ɗan ƙware, samarin Yoff, wata unguwar masunta a Dakar, da ke koya wa yaran unguwa wannan wasa kyauta suka ce in riƙa taya su duk ranar da ba ni da lacca. Albashi babu, sai shinkafa da kifi da muke ci a tire ɗaya idan an fito.

Yaran 'ya'yan masunta ne, ƙofar gidansu na kallon teku, amma da yawansu ba su iya iyo ba. Iyakarsu ruwa ya kai ƙugu wajen taya manya jawo kwale-kwale. Saboda haka aikin farko a kan yashi yake: a zana siffar katako, yaro ya kwanta rub da ciki, ya yi tuƙi da hannuwa, ya miƙe tsaye lokaci guda ba tare da ya dafa gwiwa ba. Sai kuma zaman kallon ruwa, wanda yaran suka tsana, ni kuwa shi na fi ba muhimmanci.

Kogi gabas ko yamma ya nufa, ka san inda zai kai ka. Teku ba haka yake ba. Ruwan da igiyoyi ke turowa gaɓa dole ya koma, sai ya sami wata 'yar kafa tsakanin tudun yashin da ke ƙasa, ya bi ta da gudu zuwa ciki. Wurin ya fi duhu, igiya ba ta fashewa a kansa, ga shi lumui kamar ruwan randa, shi ya sa yaro ke cewa can zai shiga. Wanda ya faɗa ciki ya ce zai yi iyo kai tsaye zuwa gaɓa, gajiya ce za ta ci shi. Abin yi shi ne ya bi gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga jan ruwan. Ba a ba yaro katako sai ya iya nuna wannan wuri da yatsa daga tudu. Teku kuma yana cika ya janye sau biyu a yini, lokacin yana gusawa da kusan minti 50 kowace rana, don haka ruwa ke sa mana lokacin darasi, sai mu daidaita shi da salla da makarantar allo. Daga Janairu zuwa Afrilu ruwan Dakar sanyi gare shi sosai, rigunan robar da ake sawa don kare sanyin ruwa ba sa isa, sai a yi karɓa-karɓa.

Shawo kan iyaye ya fi duk wannan cin lokaci, musamman a kan 'yan mata. Sunan Khadjou Sambe, 'yar unguwar Ngor a Dakar da ta zama mace ta farko a Senegal da ta mai da wasan sana'a, yakan sassauta zuciyar wasu uwaye. Duk da haka sai sun ga mace babba a bakin ruwan suke sakin 'ya'yansu.

Masu sa-kai kan zo daga Faransa da Amurka, su yi ɗan lokaci, su ɗau hotuna su koma. Ban raina ƙoƙarinsu ba, amma yaro mai tsoron ruwa fuskar da ya saba da ita yake bi. A cikinsu wanda na ga ya fi amfani shi ne wanda ya zauna ya koya wa samarin liƙe katakon da ya tsage, don daga waje ake shigo da su, kuma da tsada.

Da na dawo gida kawuna ya ce, "To ɗana, a nan ina za ka samo teku?" Gaskiyarsa. Kafin ka ga teku a Kiribi, can kudancin Kamaru, sai ka hau mota zuwa Ngaundare, ka kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ka sake hawa wata motar. Iyo nake koya wa yaran unguwarmu da rani, inda ruwa bai wuce ƙirji ba. Su ma da zaman kallo suke farawa, sai dai abin da ake nuna musu daban ne: ramukan da masu ɗiban yashi suka bari a ƙasan kogi, inda dorina ke fitowa, da yadda ruwa ke ƙaruwa ba hadari ba ruwan sama idan an buɗe madatsar Lagdo.